Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Shin Kyauta Tana Cika Ba Tare da Bayani Ba?



Tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa tsohuwa ce, sai dai misalin da za mu kawo a kanta sabo ne. Tambayar ita ce: idan mutum ya ba jama'a kyautar wani abu mai amfani, amma bai nuna musu yadda ake aiki da shi ba, shin kyautarsa ta cika? In ba ta cika ba, a wuyan wa cikawar take? Shi kuma wanda aka bai wa, yana da bakin yin ƙorafi, ko kuwa nasa godiya ce kawai da yin shiru?

Magabata sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Galibi ana faɗar wannan ne a kan ɗan aike ko mai tsaron ƙofa wanda ya tare alherin da maigida ya riga ya bayar. Amma akwai wata hanawar da babu mugunta a cikinta. Mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya don kowa ya sha, ruwa ya fito garai-garai, amma zurfinta gaba ashirin ne, kuma babu guga babu igiya. Matafiyi ya zo ya leƙa, ya hango ruwa, ya yi wa mai rijiya addu'a, ya wuce da ƙishirwarsa. Babu wanda ya hana shi, kuma bai sha ba.

Asalin lamarin

A shekarar 1995 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a ƙasar Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara rubuta wata manhaja ta kwamfuta domin gyaran hotuna. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta aiwatar da wani aiki. Tasu tana yanke hoto, ta ƙara masa haske ko ta rage, ta gyara launi, ta goge tabo, ta ɗora rubutu. Suka sa mata suna GIMP, suka sake ta ga jama'a a 1996. Irin wannan aiki shi ne wanda ake yi wa hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa, da bangon littafi, da allon shago, da shafukan tsofaffin littattafan hannu waɗanda aka ɗauka a hoto tawadarsu ta dushe ana son ta fito.

A lokacin akwai manhajojin kamfanoni masu yin wannan aiki, mafi shahararsu Photoshop ta kamfanin Adobe, wadda ta fito kasuwa a 1990. Ita saye ake yi, kuma asalin rubutun da aka gina ta da shi a rufe yake, kamfanin ne kaɗai ke taɓa shi. Daga 2013 ma kamfanin ya mayar da sababbin fitowarta na haya, wato mutum ya riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara. Su kuwa ɗaliban nan sai suka bi tafarkin da wani masani mai suna Richard Stallman ya shata tun 1983, lokacin da ya shelanta shirin GNU. Suka saki GIMP a ƙarƙashin lasisin da ake kira GPL. Sharuɗɗansa a taƙaice su ne: kowa yana da izinin amfani da manhajar, da karanta asalin rubutunta, da gyara shi, da raba wa wasu, amma duk wanda ya gyara sa'annan ya raba, wajibi ne ya bar wa na gaba wannan izini kamar yadda shi ma ya same shi. Ta wata fuska abin ya yi kama da waƙafi, domin babu mai ikon ya katange shi ya ce ya zama nasa shi kaɗai.

A 1997 ɗaliban biyu suka gama karatu suka kama wasu ayyuka. Da a ce kayan kamfani ne wanda masu shi suka watsar, da ya mutu. Amma da yake rubutun a buɗe yake, sai wasu mutane daga ƙasashe daban-daban, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, suka ɗauka suka ci gaba. Fitowa ta 1.0 ta zo a 1998, ta 2.0 a 2004, ta 2.8 a 2012, ta 2.10 a 2018, ta 3.0 kuma a watan Maris na 2025. Shekara talatin ke nan rijiyar tana bayarwa, kuma mafi yawan aikin na sa kai ne.

Masu ɗinka guga

To, ina gugan? Wanda ya buɗe irin wannan manhaja karon farko yakan tarar da maɓallai da alamomi da jerin umarni masu ɗimbin yawa, bai san na farko ba balle na ƙarshe. Hoto ɗaya ana gina shi hawa-hawa, kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora wata bisa wata, kowace da abin da ke kanta. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta shafa fenti yana ganin babu abin da ya canza, alhali a wani hawan daban yake shafawa. Jumla biyu sun isa su warware masa wannan. Amma sai an sami wanda ya zauna ya rubuta jumlolin biyu.

Tun farkon lamarin an ga amfanin bayani. A 1996 wani mai suna Larry Ewing ya zana tsuntsun nan fengwin wanda ya zama alamar Linux, ya kuma yi zanen ne da GIMP. Bai tsaya nan ba, sai ya rubuta yadda ya yi shi mataki-mataki ya baza. Mutane da yawa ta wannan bayani suka fara jin sunan manhajar. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Karin Kylander da Olof Kylander suka rubuta babban littafin jagora na GIMP, wanda aka buga a 1999. Daga baya wata ƙungiya ta masu sa kai ta ɗauki nauyin littafin jagorar da ke tare da manhajar, wanda ke buɗewa idan mutum ya danna maɓallin F1, wasu kuma suka fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Italiyanci da wasu harsuna.

Ya kamata mu lura da yanayin wannan aiki, domin a nan darasin yake. Na farko, aiki ne mai gajiyarwa. Sai ka gwada kowane maɓalli da kanka, ka ga abin da yake yi, ka ɗauki hoton allo, ka rubuta. Na biyu, aiki ne da ba ya ƙarewa. Duk lokacin da masu gini suka matsar da wani maɓalli ko suka sauya masa suna, shafin da ka rubuta ya tsufa, fassarorinsa ma duka sun tsufa, sai an sake. Na uku, aiki ne da ba shi da tambari. Wanda ya ƙirƙiro sabuwar dabara ana ambatonsa a yaba masa. Wanda ya kwana yana gyara bayanin dabarar kuwa, in aikinsa ya yi kyau babu mai tunawa da shi, domin mai karatu ya gane ya wuce abinsa. Ana tunawa da shi ne kawai ranar da aka tarar da kuskure.

Saboda haka a irin waɗannan ayyuka na sa kai, bayani yakan kasance a baya, gini yana gaba. Dalilin ba mugun nufi ba ne. Wanda ya gina gida da hannunsa ba ya ɓata a cikinsa ko da dare ne, don haka da wuya ya tuna cewa baƙo yana bukatar fitila. Gwani yakan manta ranar da bai iya ba.

A ganinmu, amsar tambaya ta farko ita ce kyautar ba ta cika ba. Manufar kyauta ita ce amfani ya isa ga wanda aka bai wa. In bai isa ba, mai bayarwa yana da ladan niyyarsa da wahalarsa, amma mabukaci yana nan da bukatarsa. Ke nan wanda ya rubuta bayani abokin tarayya ne a cikin kyautar kanta, kamar yadda malamin da ya yi wa littafi mai wuya sharhi yake da rabo a cikin duk amfanin da ɗalibai suka samu daga littafin. Da yawa daga cikinmu ba mu fahimci matani ba sai da muka zauna gaban wanda ya fassara mana shi kalma-kalma da Hausa. Wa zai ce aikin wannan malami ƙaramin aiki ne?

Sauƙi na yau da sauƙi na gobe

Akwai wani mataki da ya wuce rubuta bayani, shi ne a gyara kayan aikin da kansa yadda ba zai bukaci dogon bayani ba. Wannan shi ake kira sauƙin amfani. Shekaru da yawa GIMP tana buɗewa ne da tagogi barkatai a kan allo: hoto a tagarsa, kayan aiki a tasu, hawa-hawan hoto a tasu, wata ta ɓuya bayan wata. Tsofaffin hannu sun saba, wasu ma sun fi son haka. Sababbin shiga kuwa sun yi ta kuka. Daga wajen 2006 wani masanin tsara mu'amala tsakanin mutum da na'ura mai suna Peter Sikking ya shiga aiki tare da masu ginin. A fitowar 2012 aka ba mutane zaɓin haɗa komai a taga ɗaya, a ta 2018 kuma taga ɗayan ta zama ita ce mutum ke fara tararwa. Daga 1996 zuwa 2012 shekara 16 ne. Wannan jinkiri yana nuna mana yadda yake da wuya wanda ya saba ya ji zafin wanda bai saba ba.

Amma a wannan fitowa ta 2012 aka yi wani sauyi da ya tayar da ƙura, kuma shi ya fi dacewa mu tsaya a kansa. A da, mutum yana iya danna umarnin adanawa ya ajiye aikinsa a siffar JPEG, wadda ita ce siffar yawancin hotunan da ke cikin wayoyinmu. To amma JPEG ba ta riƙe hawa-hawan hoto, tana matse su ne su zama ɗaya, kuma duk sake adanawa tana rage ingancin hoton. Sai mutum ya yini yana aiki, ya adana, ya rufe, washegari ya buɗe ya tarar ba zai iya raba rubutu da hoto ba, wahalarsa ta tafi. Don kare mutane daga wannan asara sai masu tsarin suka raba umarnin gida biyu. Adanawa ta koma ga siffar manhajar ta kanta, mai suna XCF, wadda ke riƙe komai. Wanda ke son JPEG ko PNG sai ya bi wani umarni daban na fitarwa.

Mutane da yawa suka fusata. Suka ce: mu hoto ɗaya kawai muke so mu yanke gefensa mu ajiye, don me za a riƙa tare mu kamar yara? An daɗe ana wannan jayayya, kuma tsarin yana nan har a fitowar 2025. Wa ke da gaskiya? Masu tsarin sun hango asarar da sabon shiga bai san tana jiransa ba. Masu kukan kuma sun ji an taɓa abin da hannunsu ya saba da shi. Duka biyun suna da hujja. Abin da wannan ke koya mana shi ne, sauƙaƙa wa mutum ba kullum yake nufin yi masa abin da ya roƙa a take ba. Likita ma yakan hana majinyaci abin da ransa ke so. Amma likitan kirki yakan zauna ya faɗa masa dalili, cikin ladabi, ko da sau goma aka tambaye shi. Duk wanda ya sauya wa jama'a hanya don amfaninsu, bashin bayani ya hau kansa. In ya ƙi bayani ya ce ai ni na fi ku sani, to ko da gaskiyarsa ce ya zubar da rabin alherin.

Nauyin mai aikin sa kai

A nan wani zai ce: mutumin da ba a biya shi ko dala ba, wanda ya sadaukar da darensa da ranar hutunsa, ta yaya za a ce akwai bashi a kansa? Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Lasisin GPL kansa ya faɗa a sarari cewa ana ba da manhajar ne yadda take, babu lamuni. A shari'ar kotu babu mai bin su komai. Kuma gaskiya ne cewa babu wanda ya wajabta wa mutum ya haƙa rijiya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin fara aiki da riƙe shi. Kafin ka ce za ka yi, kana da zaɓi. Bayan ka ce za ka yi, jama'a suka dogara da kai, abin ya zama amana daidai gwargwadon abin da ka ɗauka. Wanda ya ɗauki nauyin share masallacin unguwa ba da lada ba, ba a tilasta shi ba. Amma ba daidai ba ne ya tara shara a bakin ƙofa ya ce ai kyauta nake yi. Haka wanda ya ɗauki rubuta shafi ɗaya na bayani. Ba a neman ya rubuta littafin duka, amma shafin nan ɗaya ya gwada abin da ya rubuta kafin ya sake shi. Bayani na kuskure ya fi rashin bayani illa, domin wanda bai sami bayani ba ya san bai sani ba, wanda aka ba na kuskure kuwa yana tafiya da ƙarfin zuciya zuwa rami. Idan kuma mai sa kai ya gaji, ko iyali da neman abinci suka sha kansa, yana da cikakken haƙƙin ajiyewa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya faɗa, ya miƙa wa wani, kada ya ɓace shiru ya bar mutane suna jira.

Haƙƙin mai karɓa

Shi kuma mai amfani, yana da bakin ƙorafi? Yana da shi, har ma ana bukatarsa. Sabon shiga yana ganin abin da gwani ya daina gani. Ruɗewarsa ilimi ce da babu mai ita sai shi, kuma in ya yi wata uku yana aiki shi ma zai saba ya rasa ta. Saboda haka wanda ya rubuta wa masu ginin cewa: na nemi abu kaza a wuri kaza ban gan shi ba, na danna kaza sai kaza ya faru, wannan ya taimaka, ko da bai iya rubuta layi ɗaya na manhaja ba.

Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne ya yi magana kamar mai bin bashi. Akwai masu zagin mutanen da suka ba su kyauta saboda kyautar ba ta zo yadda suke so ba, ko ba ta zo da wuri ba. Wannan butulci ne, kuma yana da sakamako a zahiri, domin mai sa kai ba albashi ke riƙe da shi ba. In zagi ya yi yawa sai ya tattara ya tafi, kowa ya yi asara.

Akwai kuma hanya ta uku da lasisin ya buɗe, wato wanda bai gamsu ba ya ɗauki rubutun ya gina nasa. A 2019 wasu suka yi haka, suka fitar da reshe mai suna Glimpse. Daga cikin dalilansu akwai cewa kalmar gimp a Ingilishi ana amfani da ita wajen muzanta gurgu, abin da ke sa wasu makarantu da ma'aikatu ƙyamar sunan, sa'annan suna son su ƙara sauƙin amfani. Manufa ce mai kyau. Amma a 2021 suka sanar da dakatar da aikin. Ganin aibi abu ne mai sauƙi, fara gyara ma bai kai riƙewa wuya ba. Wanda ya ga wannan zai ƙara girmama mutanen da suka riƙe igiya shekara da shekaru.

Inda abin ya taɓa mu

A ɗauka wani saurayi ne a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya buɗe ɗan shagon hoto da buga katin biki. Ba shi da kuɗin hayar manhajar kamfani kowane wata. Gabansa hanya biyu ce: ko ya sa kwafin da aka fasa wa makulli ba da izinin masu shi ba, ko ya ɗauki wadda masu ita suka halatta wa kowa. Ya ɗauki ta biyun, ya buɗe, ya kasa gane kanta. Ya nemi bayani ya same shi da Faransanci ko Ingilishi mai nauyi, shi kuwa karatunsa na boko bai yi nisa ba. Mai biki yana tsaye yana jiran katinsa. Me ake zaton zai yi? Zai koma ga kwafin da maƙwabcinsa ya iya, wanda zai nuna masa da baki. A nan rashin bayani ne ya tura shi ga abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Wanda ya zauna da wannan saurayi awa biyu ya koya masa, ko ya rubuta masa shafi biyar da Hausa mai sauƙi, ya buɗe masa hanyar cin abinci mai tsabta.

Wannan aiki kuwa ba ya bukatar izinin kowa ko jari. Ɗalibin jami'a a Yamai wanda ya iya manhajar yana iya rubuta yadda ake gyara hoton fasfo, mataki na ɗaya zuwa na goma, ya gwada a kan ƙanensa. Duk inda yaron ya tsaya, a nan rubutun yake da gyara. Wanda ya iya Faransanci da Hausa yana iya fassarawa. Wanda aka koya wa ya koya wa wani, kada ya ɓoye don tsoron kishiyar sana'a, tunda shi ma a kyauta ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma darasin ya wuce kwamfuta. Duk wanda ya taɓa ba da injin ban ruwa ga ƙauye bai koya wa kowa gyaransa ba, ko ya ba tsohuwa magani bai faɗa mata sau nawa za ta sha ba, ko ya gina ɗakin karatu ya bar littattafai a kulle cikin kwali, ya haƙa rijiya ne ya tafi da guga. Kafin mu ce mun bayar, mu tambayi kanmu: shin ya isa hannun mai shi, kuma ya san yadda zai yi da shi? Idan kuma mu ne muka sha ruwan, mu tuna da wanda ya haƙa, mu tuna da wanda ya murɗa igiya ya ɗinka guga, ko da ba mu san sunansa ba.

Allah Ya sa mu cikin masu cika alheri idan sun fara, masu godiya idan an ba su, masu sauƙaƙa wa bayinSa.